Abin da Ke Tsayar da Jirgin Baban Gumsu

Garin Baƙo, ta Guri
16 ga Oktoba, 2022

Ɗana Misbahu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Adila da jaririnku da har yanzu ban sa shi a ido ba. Ya Dutse, ya aiki? Mu nan alhamdu lillahi. Ruwan ambaliya ya fara ja, amma ya tafi da shinkafar kowa, har da 'yar gonata ta bayan makaranta. Gwiwata tana nan yadda ka san ta. Wayata ta faɗa ruwa ranar da muke kwashe kaya, shi ya sa na koma wa biro, na ba Bala direba ya kawo maka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗan bautar ƙasar da yake koyar da kimiyya a makarantarmu ya gama shekararsa ya tafi, ba a turo wani ba. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya miƙo mini littafi, ya ce daga yau ni ce malamar kimiyya ta aji biyu na ƙaramar sakandare. Na ce masa shekara ashirin da huɗu Hausa nake koyarwa. Ya ce ai ni kaɗai ce ba na fashin aji. Yara sittin da uku ne, kuma babin da muka tarar shi ne na motsi.

Ina karanta littafin da ƙamus a gefe. Na gane motsi iri-iri ne, akwai na miƙe, akwai na juyawa kamar tayar keke, akwai na kai da komo kamar lilo. Wannan ya wuce lafiya. Sai na zo inda aka ce abin da yake tafiya ba zai tsaya ba har sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Na rubuta a allo. Wata yarinya mai suna Gumsu, 'yar masunta ce, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to me ya sa in babana ya cire gorar tuƙi daga ruwa jirgi yake tsayawa, alhali ba wanda ya riƙe shi?" Na ce mata ƙarfin da ya sa wa jirgin ne ya ƙare. Ta rubuta, amma na ga ba ta gamsu ba, ni ma ban gamsu ba, don ba haka littafin ya ce ba.

Na biyu, littafin ya kawo kalmomin Turanci biyu, sipid da belositi, ni kuwa duk gudu na san su. Mene ne bambancin?

Babanka ɗan baffana ne, kuma duk zuri'ar kakanmu Malam Buba kai kaɗai ka yi digiri biyu a kimiyya, ga shi aikinka ma horar da malamai ne. Shekara ukun da ka yi a gidana na Haɗeja kana sakandare, ni nake duba maka insha'i. Yau ga Goggo a gabanka da tata tambayar. Ka rubuto mini da Hausa, yadda zan faɗa wa yara. Idan aiki ya yi maka yawa, ka nuna wa wanda zai iya taimakawa.

Goggonka,
Larai

Garin Baƙo
22 ga Nuwamba, 2022

Ɗana Misbahu,

Bayan gaisuwa. Mako biyar ke nan shiru. Bala ya rantse a hannunka ya sa wasiƙar, sai na ce ko jaririn ne ba lafiya. Allah ya sa ba haka ba ne. Nan zazzaɓi ya kwantar da rabin gari saboda sauron da ruwa ya bari, ni ma na yi kwana huɗu, na tashi.

Ban iya jira ba, don manhaja ba ta jira. Na ga a littafin cewa ana gane gudun abu da nisa da kuma lokaci. Ba mu da ɗakin gwaji, sai na kwashe ajin muka je bakin kogi, wajen da mata suke wanki. Baban Gumsu ya ara mana igiyar komarsa ta kamun kifi, muka auna mita ashirin da rular allo, muka kafa kara a farko da ƙarshe. Muka jefa ɓawon kwarya a ruwa, na riƙe agogon shugaban makaranta. Daƙiƙa arba'in ya yi kafin ya kai. Ban taɓa ganin yaran nan suna murnar darasi haka ba, har waɗanda ba sa magana a aji suna ƙirga da ƙarfi.

Da muka dawo na raba arba'in gida ashirin, na samu biyu, na ce musu ruwan yana gudun mita biyu a kowace daƙiƙa. Gumsu ta auna mita biyu da ƙafa a gaban aji, ta ce in da haka ruwan yake gudu, da ba mai iya wanki a wajen, da ya tafi da kwanukan Iyarta. Yara suka yi dariya, ni ma na yi. Na san akwai inda na kuskure, amma na juya lissafin na sake juyawa, kaina ya ɗaure. Na sa maka shafin da na yi aikin a ciki. Ka duba ka ja mini layi da jan biro, ba zan ji haushi ba.

Yarinyar nan duk ranar da na shiga sai ta tuna mini da jirgin babanta. Na ce mata na aika wa ɗana masani a Dutse, amsa tana hanya.

Goggonka,
Larai

Dutse
19 ga Disamba, 2022

Goggo,

Barka da war haka. Muna lafiya, yaro ma lafiya. Wasiƙunki biyu sun zo, ayyuka ne suka yi yawa, mun yi ta zagayen ƙananan hukumomi.

Gaskiya na daɗe ban ga abu mai amfani irin wasiƙun nan ba. Shekara biyu muna neman yadda za mu nuna wa manya abin da yake faruwa a cikin aji a karkara, sai ga shi kin rubuto shi da hannunki. Na nuna wa shugabana, ya karanta shafin lissafin har sau biyu. Muna da taron bita na malaman kimiyya a Haɗeja ranar sha huɗu ga Janairu, kuma da aikinki zan buɗe jawabina. Duk amsoshin tambayoyinki a can za a yi bayaninsu, ba sai na tsawaita a nan ba.

Ki aiko mini da littafin da kike shirya darasi a ciki, gaba ɗayansa, kafin ƙarshen wata. Kada ki gyara komai.

Naki,
Misbahu

Garin Baƙo
27 ga Disamba, 2022

Ɗana Misbahu,

Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ban zaci zuwa bakin kogin nan wani abu ne da manya za su kalla ba. Ga littafin nan, ban taɓa ko wasali ba. Ga kuma bandar tarwaɗa a kwali, ta Adila ce, ta yi maka miya.

Na nuna wa shugaban makaranta, ya ce tunda da aikina za a buɗe taro, ni zan wakilci makaranta. Don haka zan zo. In sha Allahu ranar sha huɗu da sassafe ina Haɗeja. Kada ka wahalar da kanka da masauki, a gidan tsohuwar maƙwabciyarmu Hajiya Zinariya zan sauka. Na gaya wa 'yan aji, Gumsu ta ce in tafi da littafinta in rubuto mata amsar a ciki.

Goggonka,
Larai

Garin Baƙo
18 ga Janairu, 2023

Misbahu,

Na dawo gida lafiya. Ina fata kai ma ka koma lafiya.

Zan rubuta maka abin da ya faru ranar Asabar daga inda nake zaune, don kai daga kan dandamali ka gani.

Na fito ranar Juma'a. Jirgi ya tsallakar da ni, na hau babur zuwa Guri, na shiga mota zuwa Haɗeja. Na sa leshin da na ɗinka don sunan ɗanka ban samu zuwa ba. A zauren na samu kujera a layi na tara, gefen mata. Mun fi mutum ɗari biyu. Da ka hau, cikin farar shadda, na taɓa matar da ke kusa da ni na ce mata ɗana ne.

Sai aka kashe fitila aka kunna majigi, na ga rubutuna a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ka rufe sunana da baƙin layi, amma ka bar Garin Baƙo a sama, kuma mace ɗaya ce take koyarwa a Garin Baƙo. A saman shafin ka rubuta da manyan baƙaƙe: Wa Yake Koyar da 'Ya'yanmu?

Ka karanta tambayar jirgin da muryarka. Da ka zo kan amsata sai ka canza murya, ka siranta ta, ka karkace kai irin na tsofaffi, ka ce, "Ƙarfinsa ne ya ƙare." Zauren ya ɗauka da dariya. Ka jira suka gama, ka sake faɗa. Ka nuna yadda na rubuta sipid da belositi, ka ce a taya ka neman yaren. Ka kawo shafin lissafi, ka ce a ƙauyen nan ruwan wanki ya fi babur gudu. Wannan ma ba gaskiya ba ne, ko ni na san babur ya fi mita biyu a daƙiƙa, amma an yi dariya. Ka bi littafina shafi-shafi, har inda na rubuta wa kaina a gefe cewa Allah ka sa kada su tambaye ni wannan. Shi ma ka karanta.

Malam Umara na makarantar Auyo, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, yana layi na bakwai. Ya san rubutuna. Ya juyo sau ɗaya, muka haɗa ido, ya mayar da kansa, bai ƙara juyowa ba. Matar da na ce wa ɗana ne ta janye mayafinta daga jikin nawa. Na ga wayoyi a sama suna ɗauka. Na so in fita, gwiwa ta ƙi, kuma sai na ratsa mutum goma sha biyu kafin in kai ƙofa.

Na zauna har ƙarshe don abu ɗaya, littafin Gumsu yana cikin jakata. Minti arba'in ka yi a kaina. Amsar kuwa ka faɗe ta da Turanci, kalma ɗaya, kana tattara takardunka, ka ce wannan kowa ya sani.

A layin abinci ka gan ni. Ba ka durƙusa ba, ban kuma sa rai ba. Ka ce, "Goggo, me ya kawo ki?" Daga nan na gane ka ciro littafin da kifin daga kwali, wasiƙar kuwa ba ka buɗe ta ba. Da shugabanka ya matso, ka ce masa wata 'yar garinku ce, ka ja shi kuka wuce.

A wajen alwala wata ƙaramar malama daga Kaugama, Hafsat, ta biyo ni. Ba ta yi mini jaje ba, na kuwa gode mata da hakan. Ta ce in tura tafin hannuna a cikin ruwan bokiti. Ta ce abin da na ji yana tokare hannuna, shi yake tokare jirgi, ruwan ne yake gogar jikinsa har ya tsayar da shi, kuma sunansa gogayya. Ta ce nisa ake rabawa da lokaci, ba lokaci da nisa ba, ruwanmu rabin mita yake yi. Ta ce belositi gudu ne da aka faɗi inda ya dosa. Kafin a tayar da sallah ta gama. Abin da na jira wata uku ke nan.

Ka aiko mini da littafina.

Larai

Dutse
6 ga Fabrairu, 2023

Goggo,

Fatan kina lafiya. Na ga wasiƙarki, kuma gaskiya ban ji daɗin yadda kika ɗauki abin ba.

Ke da kanki kika rubuta cewa in nuna wa wanda zai iya taimakawa. Wasiƙar tana nan a fayil. Waɗanda suke zauren nan su ne masu iya taimakawa. Na rufe sunanki, kuma ban gayyace ki ba. Da kin zauna a gida da ba wanda ya haɗa fuskarki da takardar. Dariya kuwa dabarar koyarwa ce, in ba a yi ta ba malamai barci suke yi.

Tunda kin fito da magana, bari ni ma in fito da ita. Kin tsaya gaban yara sittin da uku kin koya musu abin da ba daidai ba, sau biyu, kin sani ba ki sani ba. Kin kai su bakin kogi bayan ambaliya ba da izinin kowa ba. Da ɗaya ya zame fa? Kina maganar kunyar da kika ji ta awa ɗaya, su kuwa da kuskuren za su shiga jarrabawa. Ya kamata tun ranar da aka miƙo miki littafin ki ce ba za ki iya ba. Zaman da na yi a gidanki ban manta ba, amma ba zai sa in ga ɓarna in yi shiru ba.

Ki kwantar da hankalinki, abin ya yi amfani. Rahotonmu ya tafi sama da shafukanki a ciki, kuma an yi alkawarin turo ƙwararren malami Garin Baƙo. An kuma gayyace ni in maimaita jawabin a Kaduna bayan sallah, don haka littafin zai ɗan ƙara kwana a wajena. Na haɗo da wata takarda, ki sa hannu a inda na yi alama, ta nuna da yardarki aka yi amfani da shi. Ka'ida ce kawai.

Adila ta ce a gode da kifi.

Naki,
Misbahu

Garin Baƙo
2 ga Afrilu, 2023

Misbahu,

Ya ibada? Allah ya karɓa mana. Ina lafiya.

Ga takardarka nan na dawo da ita yadda ta zo. Wannan wasiƙar kuma taka ce kai kaɗai. Na rubuta da manyan baƙaƙe don kada a sake samun kuskuren fahimta: KADA KA NUNA WA KOWA.

Abu ɗaya ka faɗa daidai, na koyar da kuskure. Shi ya sa da na dawo na shirya gyara. Na roƙi baban Gumsu ya jawo ƙaramin jirginsa kan yashi, don yara su tura shi a yashi, su tura shi a taɓo, su tura shi a ruwa, su ji da hannunsu inda ya fi tokarewa. Na sa ranar Laraba. Ranar Talata takardar tuhuma ta iso mini daga hukumar ilimi, a kan kai yara kogi da koyar da darasin da ba fannina ba. Shugaban makaranta, wanda ya miƙo mini littafin da hannunsa, ya rubuta a amsarsa cewa ni na nema. An hana ni shiga ajin kimiyya, ya kuma ce ko a bakin ƙofa ya gan ni a lokacin darasin sai ya rubuta rahoto a kaina.

Ƙwararren malaminku bai zo ba. Mako tara ke nan. In lokacin kimiyya ya yi, yara sittin da uku suna zaune, mai kula da aji yana rubuta sunan masu surutu. Ina jin su ta bango ina koyar da aji ɗaya tsarin jimla.

Hoton bidiyon jawabinka ya iso garin nan kafin azumi. A wayar mai cajin waya aka fara gani, yanzu ba wanda bai gani ba. In babur ya mutu a hanya sai samari su siranta murya su ce ƙarfinsa ne ya ƙare. Ranar kasuwa wani ya faɗa a bayana da na tsaya hutar da gwiwa. Wannan zan iya ɗauka, na kusa ritaya.

Abin da nake so ka sani shi ne na Gumsu. A hoton an ji ka karanta sunanta, ita ba ka rufe nata ba. Gari ya yanke cewa ita ce ta jawo wa Malama tozarci da bakinta. Iyarta ta dake ta da igiyar koma, ta kamo hannunta ta kawo ta gidana, ta sa ta durƙusa a tsakar gida ta ba ni haƙuri. Na ce ba ta yi laifi ba, na ce tambayarta ta fi duk abin da na koyar a zangon nan. Iyar ta ɗauka kara nake yi mata, ta ƙara mata rankwashi a gabana.

Da uwar ta tafi na zaunar da ita, na kawo bokiti da ruwa, na sa hannunta a ciki, na yi mata bayani yadda aka yi mini. Na ce ta yi gaskiya a kan kwanukan Iyarta ma, rabin mita ne. Na tambaye ta ko ta gane. Ta ce, "Eh, Malama." Na ce to in ruwa ne yake tsayar da jirgi, me take gani zai faru in babu ruwan, babu iska, babu komai? Yarinyar da na sani da kafin in rufe baki ta jefo mini tambaya uku. Ta dubi ƙasa ta ce, "Duk yadda kika ce, Malama."

Tana zuwa makaranta. Ta koma layin baya. Malamin lissafi ya ce mini ta natsu sosai yanzu, yana yabawa.

Kada ka zo gaisuwar sallah.

Larai

Dutse
12 ga Afrilu, 2023

Goggo,

Ya ibada, ya zafi? Muna lafiya, yaro ya fara rarrafe.

Maganar takarda ki bar ta, lauyan ofis ya ce layin da kika rubuta a wasiƙar farko ya wadatar. Maganar malami kuma ba a hannunmu take ba, mu shawara muke bayarwa.

Na san kin ce kada a nuna, amma wasiƙarki ta ƙarshe ta fi ƙarfin a ajiye ta a aljihu. Na karanta wa abokan aiki sashen yarinyar a taron safiyar Litinin, wata baƙuwa da ta zo daga Abuja har da hawaye. Kowa ya yarda cewa da labarinta ya kamata in rufe jawabin Kaduna, kuma hotonta muke so a bangon rahoto.

Mai ɗaukar hotonmu zai zo ranar Alhamis ta bayan sallah. Ki sanar da iyayenta, ke za su fi jin maganarki. A samu jirgin uban a bakin ruwa, ta sa kayan makaranta, ta riƙe littafi. Muna so ta ɗaga hannu kamar tana tambaya. Ki rubuto mini sunanta daidai, Gumsu ne ko Gamsu, don kada a yi kuskure a wajen bugawa.

Naki,
Misbahu